Ladan Wa Ciyaman Ya Ci?

Ina roƙon Malam Edita ya sam mini ɗan fili a wannan mujalla tamu mai farin jini, ko da yake na san abin da aka saba karantawa a cikinta shi ne waƙa da gajeren labari da gardamar nahawu. Ni yau ƙara na kawo, kuma wanda nake ƙara shi ne shugaban ƙaramar hukuma, wanda muka ara wa suna muke ce masa ciyaman. Ba wani mutum guda na nufa ba. Kujerar nake nufi, da duk wanda ya taɓa hawanta a wannan birni namu na Kano, ko wace irin hula ya sa. In kuwa wani ya tsargu, to, dama mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu, don kada a ce ɗan makaranta ya haddace littafi ya zo yana yi wa mutane burga. Mahaifina awo yake yi, watau yana sayar da gero da dawa da masara a kwano, a wata 'yar kasuwar unguwa can bayan gari. Tun ina firamare, kullum safiya ta Allah sai wani yaro ya zo da ɗan littafin tikiti, ya yage ɗaya ya miƙa, Baba ya biya. An ce kuɗin ƙaramar hukuma ne. Yau shekara goma sha biyar ke nan ko fiye ana wannan biya, amma kasuwar nan ba ta da makewayi, ba ta da famfo, ba ta da magudanar ruwa. A daminar bara aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya da tsakar dare, ya rasa hanyar wucewa, ya shiga rumfuna. Buhu bakwai na Baba suka jiƙe sharkaf, a cikinsu kuwa har da wanda ya ware don kuɗin rajistata. Da gari ya waye muna cikin shanya hatsi a kan tabarmi, sai ga yaron tikiti ya iso, ya ɗare kan wani bulo don kada takalminsa ya taɓa taɓo, ya yage takarda ya miƙo. Wallahi Baba ya sa hannu a aljihu ya biya, bai ce uffan ba.

Dattawan kasuwar suka yi ɗamara suka tafi sakatariya har sau uku. Zuwan farko aka ce ciyaman ya shiga gidan gwamnati. Na biyu aka ce ya tafi Abuja taro. Na uku aka ce ya tafi Umara, a dawo bayan Salla. Daga nan suka haƙura, suka yi karo-karo, suka ɗauki lebura suka haƙa lambatu da kuɗin aljihunsu. Tikiti kuwa har gobe ana yankarsa.

Tun daga ranar nake tambayar kaina, me ya sa haka? Da farko na ɗauka mugun hali ne na mutum guda. Amma da na tambayi 'yan ajinmu, na Kano da na wasu garuruwa, sai na tarar kowa da irin wannan labari a bakinsa, alhali kuwa ciyamominsu daban-daban ne, jam'iyyunsu ma daban-daban. Ruwa ba ya tsami banza. In mutane da yawa suka hau kujera ɗaya, duk suka yi hali iri ɗaya, to, lalle a binciki kujerar. Amsar da na samu tana cikin karin maganar nan da muka sani tun muna yara, cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ciyaman bai ci ladan Baba ba. Kujerarsa ba daga hannun Baba ta fito ba, baitulmalinsa ma ba da tikitin Baba yake cika ba. Don haka ko kasuwa ta ci ko ta mutu, shi ba abin da zai ragu a jikinsa. Wannan ita ce maganata duka, saura bayani ne.

Mai karatu, dubi yadda garin nan ya bunƙasa. A ƙidayar 1952 mutanen Kano, birni da waje, wajen 130,000 ne. A ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan, ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin, watau Birni da Kewaye, da Dala, da Gwale, da Fagge, da Nasarawa, da Tarauni, da Kumbotso, da Ungogo, sun haura mutum miliyan 2.8. Daga lokacin zuwa yanzu kuwa ba sai an faɗa wa kowa ba. Garin da a da ganuwa ta ishe shi, yau ya miƙa ƙafa har cikin ƙasar Dawakin Kudu da Gezawa da Dawakin Tofa da Tofa. Gonakin da iyayenmu suka sani sun zama unguwanni. To, wa ya tsara waɗannan unguwanni? Yawancinsu awon igiya ne. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a yanka filoti-filoti, a bar lungu wanda ko a-daidaita-sahu da ƙyar take juyawa a cikinsa, balle motar kashe gobara. Ba a bar wurin makaranta ba, ba a bar wurin kasuwa ba, ba a bar wa ruwa hanya ba. Kududdufan da suke shanye ruwan sama tun zamanin kakanni an cike su da shara an yi gini a kai. Sa'an nan in ruwa ya ci gida a ce ƙaddara ce.

Kada kuma a ce garin ba shi da arziki. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da aka kafa Kasuwar Kurmi, Kano da ciniki aka san ta. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta yi dala. Da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya daga shekarun 1980, ai ba zama mutane suka yi suna kuka ba. Suka koma kasuwa da sana'ar hannu. Je ka Kantin Kwari ka ga 'yan Nijar da Chadi da Kamaru suna sarin atamfa da shadda. Je ka Dawanau ka ga tirelolin hatsi da riɗi sun yi layi. Ga Singa, ga Sabon Gari, ga Ƙofar Wambai, ga Ƙofar Ruwa, ga 'Yankaba, ga 'Yanlemo. Ka shiga kowane lungu za ka ji ƙarar keken ɗinki da injin markaɗe da na walda, ka ji ƙamshin ƙuli-ƙuli da matan aure suke soyawa a cikin gida. Duk wannan dukiya talaka ne ya tara ta da guminsa. Shi ya sayi janareta, shi ya sayi ruwa wajen 'yan garuwa, shi ya ɗauki ɗan sintiri, shi ya biya yaro mai baro ya kwashe masa shara. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne da ya kamata ya koma cikin jari, a ƙara keke, a ɗauki yaron shago. Ga shi nan yana tafiya wajen sayen abin da hukuma ta karɓi haraji don ta yi.

Wani zai ce, ai waɗannan ba aikin ciyaman ba ne. To, mu buɗe kundin tsarin mulkin 1999, Jadawali na Huɗu, mu gani. A nan aka jera ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya. Gina kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da makewayin jama'a da kula da su, aikinta ne. Hanyoyin cikin unguwa da fitilun titi da magudanan ruwa, aikinta ne. Kwashe shara, aikinta ne. Sa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, aikinta ne. Rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da kula da maƙabartu, da ba da lasin na keke da kura da baro, duk aikinta ne. Har wa yau tana da hannu a ilmin firamare da kiwon lafiya da aikin gona. In mutum ya natsu ya karanta wannan jeri sai ya ga ashe rayuwar ɗan kasuwa ce kaf aka rubuta, tun daga rumfar da zai kasa kaya har ramin da za a sa shi. Ko lambar gida da ake rainawa, ai da ita banki yake sanin inda kake kafin ya ba ka rance, da ita mai kawo saƙo yake samun ƙofarka ba sai ka ce masa ya zo bayan gidan mai ya tambayi mai shayi ba. Gari ba ya ci gaba da jawabi a rediyo. Da irin waɗannan ƙananan abubuwa yake ci gaba, su ne kuwa aka damƙa wa hukumar da ta fi kowace kusa da mu.

Abin takaici, kakanninmu sun ga abin da hukumar gari take iya yi. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta kawo wa birni ruwan famfo da lantarki daga Challawa, aka buɗe aikin a 1931, da kuɗin baitulmalinta. Tana da asibiti, tana da makarantu, tana da ma'aikatar ayyuka. Kada a yi mini mummunar fahimta, ba kewar En'e nake yi ba. Mun san irin ukubar da talaka ya sha a hannun dogari da ɗan doka wajen karɓar haraji da jangali. Mun san abin da ya sa Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara, da abin da ya sa NEPU ta kafu a wannan gari a shekarar, Malam Aminu Kano da mutanensa suka sha ɗauri da duka. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, talakawa sun yi murna, kuma sun yi gaskiya. Abin da nake so a lura da shi ɗaya ne. En'e daga aljihun mutanen ƙasa take ci, saboda haka tilas ta san yawansu, ta san gonarsu, ta san in kasuwa ta faɗi baitulmali zai faɗi. Ta san mu, amma ba ta jin tsoronmu, don ba mu muka naɗa ta ba. Abin da 'yan Sawaba suka yi fafutuka a kai shi ne a sami hukumar da ta san talaka kuma take jin tsoron ƙuri'arsa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da wannan alkawari ya zo. Yau ga inda muka tsinci kanmu, hukumar ba ta san mu ba, ba ta kuma jin tsoronmu. An gudu ba a tsira ba.

Mu dubi baitulmali tukuna. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin 100 na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, jihar Kano kuwa ita ke da 44 daga cikinsu, ba jihar da ta kai ta. Wannan kuɗi yana zuwa ƙarshen kowane wata, ko ciyaman ya yi aiki ko ya yi barci. Ba ya ƙaruwa don an gina rumfa ɗari a kasuwa, ba ya raguwa don gobara ta cinye su. Sashe na 162 na tsarin mulki kuma ya ce kuɗin ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda mabuɗinsa yake hannun gwamnatin jiha. Shekara da shekaru a nan ake yanke albashin malaman firamare, da kason masarauta, da na fansho, da na ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa, abin da ya rage a miƙa wa ciyaman ya biya ma'aikata. Mutumin da abincinsa yake saukowa daga sama, ina zai sa ido in ba sama ba? Shi ya sa in ka je sakatariya aka ce maka ya shiga gidan gwamnati, ba ƙarya aka yi maka ba. Can ne wurin aikinsa na gaskiya.

Sai kuma kujera. Sashe na 7 na tsarin mulki ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Amma shekaru da dama gwamnoni a jihohi daban-daban sun fi son su naɗa kantomomin riƙo. Mu ɗaliban Hausa ai mun san asalin kalmar kantoma, sunan Baturen nan ne da yake mulkin bariki da waje a zamanin Turawa, wanda ba wanda ya zaɓe shi. Suna ya dace da mai shi. In kuma an ga dama an yi zaɓen, hukumar zaɓe ta jiha ce take shirya shi, gwamna ne kuwa yake naɗa shugabanninta. Ga sakamakon. A 2018 jam'iyyar APC mai mulki a lokacin ta cinye kujerun ciyaman 44 duka. A watan Janairu na 2021 ta sake lashe 44 da kujerun kansila 484, ba ta bar ko ɗaya ba. Da mulki ya juya, a watan Oktoba na 2024 jam'iyyar NNPP ita ma ta lashe 44 da 484, ba ta bar ko ɗaya ba. Jama'a, don Allah, a Kano? Garin da ko a gida ɗaya za ka tarar wa da ƙane ba sa jam'iyya ɗaya, garin da mai shayi da mai wankin hula suke kwana gardamar siyasa, a ce mazaɓu 484 duk bakinsu ya zo ɗaya, sa'an nan bayan shekara uku duk su juya tare kamar garken tumaki? Ba Kano kaɗai ba ce, haka ake yi a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce take kan gado. Amma a Abuja, inda hukumar zaɓe ta ƙasa take gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida, a 2022 APC ta ci uku, PDP ta ci uku.

Daɗin daɗawa, a zaɓen 2024 hukumar zaɓe ta jihar Kano ta fara sa naira miliyan 10 kuɗin takardar neman ciyaman, miliyan 5 ta kansila, har sai da maganar ta kai kotu. A shekarar ne aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na kusan shekara 12, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi takardar kawai. Malamin makarantar da unguwa ta yarda da shi ba shi da wannan kuɗi. Wanda zai tsaya sai wanda wani babba ya saya masa. To, ladan wa ya ci? Wa kuma zai yi wa aski?

Na san akwai masu kare ciyaman, kuma ba zan ƙi sauraronsu ba. Na farko suna cewa, bawan Allah ba shi da kuɗi, in an biya malamai da ma'aikata ba abin da yake saura. Akwai gaskiya a ciki. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, abin da ake rabawa duk wata ya ƙaru ƙwarai a lissafin naira, ni kuwa ban ga lambatu ya ƙaru a unguwarmu ba. In da gaske ne an tatse shi, me ya hana ya fito ya ce, jama'a, ga abin da aka turo da sunanku, ga abin da ya iso hannuna? Shirunsa shi ne shaidar cewa da shi aka yi. Bugu da ƙari, akwai aikin da ba ya cin kuɗi. Hana mutum ya yi gini a kan hanyar ruwa ba ya bukatar kaso daga Abuja. Sanin inda kuɗin tikitin Baba yake shiga ba ya bukatar kwangila. Sanin kowa ne kasuwannin unguwa da tashoshi an mai da su ladan yaran siyasa, wanda ya yi wahala a kamfe a ba shi littafin tikiti ya je ya ci rabonsa.

Na biyu suna cewa, ai gwamnatin jiha tana yi, ga gadojin sama, ga hukumar kwashe shara, ga KAROTA, ga hukumar tsara birane, ga manyan kasuwanni irin su Kwari da Sabon Gari duk a hannun jiha suke. Haka ne, kuma ban raina gadar Ƙofar Nasarawa ko ta Dangi ba, ni ma ina bi ta kansu. Sai dai gadar sama ba ta kai buhu bakin rumfa. Gwamna mutum ɗaya ne, ba zai san kwalbatin da ta karye a mazaɓu 484 ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jiha ta kwashe tsoka ta bar wa ƙaramar hukuma ƙashi, kuma ko a inda ta karɓa ɗin ba a tsira ba. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari, a daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya masu ɗimbin yawa. In manyan kasuwannin da idon duniya yake kansu haka suke, ina ga 'yar kasuwar su Baba?

Na uku su ne masu cewa an gama magana, tun da ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ta haramta mulkin kantomomi. Na yi murna da wannan hukunci, ko da yake shekarar 2025 ta ƙare ana ta jan ƙafa wajen aiwatar da shi. Amma mu ɗauka an aiwatar gobe da safe. Ka zuba kuɗi a aljihun mutumin da igiyar wuyansa take hannun wani, me ka yi? Da rana za a tura masa, da dare ya ɗauka ya kai inda aka ce ya kai. In kuwa ya tsinke igiyar, alhali ba ya tsoron ƙuri'ata, to, mun sami ƙaramin gwamna ne kawai, mai jiniya da 'yan rakiya, wanda zai gina gida a unguwar masu hannu da shuni ya bar mu da sauro. 'Yancin kuɗi ba tare da zaɓe na gaskiya ba, an canja wa kura wurin cin nama ne kurum.

Yanzu kuma in juyo kanmu, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan'uwana ɗalibai, wace ƙaramar hukuma ce ba ta da ƙungiyar ɗalibai a wannan jami'a? Me muke yi da su? Shekara ta zagayo mu sa manyan riguna, mu sa a sassaƙa allo mai ƙyalli, mu rubuta Gwarzon Shekara, mu kai wa mutumin da bai gyara ajin firamare ko ɗaya ba, don ya ba mu kuɗin mota da na liyafa. Na taɓa bin irin wannan tawaga ina aji ɗaya, na yi tafi har hannuna ya yi zafi, aka ba mu ambulan muka raba a bakin ƙofa. Ina jin kunyar abin har yau. Waɗanda suka riga mu gamawa, da yawa burinsu a ba su mai ba da shawara na musamman, ko su zama sojojin baka a rediyo da Facebook, suna zagin duk wanda ya tambayi ina kuɗi. Malamanmu kuma, Allah ya ƙara muku daraja, ku gafarce ni, an rubuta kundaye kan mulkin ƙananan hukumomi sun cika kantocin laburare, amma da Turanci, ƙura tana cinsu. Baba bai taɓa jin cewa makewayin kasuwa hakkinsa ne a tsarin mulki ba. Yana ɗauka alfarma ce. Wa ya kamata ya gaya masa in ba mu da muke karatun harshensa ba?

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Na ɗaya, kowane wata ciyaman ya liƙa lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, da Hausa, boko da ajami, a bangon sakatariya da ƙofar kowace kasuwa, a kuma karanta a rediyo. Abin da ake tura wa kowace ƙaramar hukuma daga Abuja ba asiri ba ne, ana buga shi, kuma tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai. Na biyu, kowane kansila ya zauna da mutanen mazaɓarsa a filin firamare bayan kowane wata uku, ya amsa tambaya da bakinsa. Na uku, kowane tikiti ya zama mai lamba, a san nawa aka tara a kowace kasuwa, a yanke wani kaso da ba zai bar kasuwar ba sai an yi mata aiki da shi, 'yan kasuwa suna gani. Ba ƙarin haraji nake nema wa talaka ba, dama yana biya. So nake in ciniki ya ƙaru ciyaman ya ji a baitulmalinsa, in ya ragu ya ji a jikinsa, don ya fara kwana da tunanin kasuwa. Na huɗu, ciyamomi takwas na birni da maƙwabtansu su riƙa zama tare kan shara da magudanan ruwa da filayen da ake yankawa. Ruwan Jakara da ya bi ta gefen Kurmi ya nufi Wasai ba ya tsayawa ya tambayi iyakar Dala da Fagge, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Na biyar, kuma shi ne uwa uba, a fitar da zaɓen ƙananan hukumomi daga aljihun gwamnoni, a rage kuɗin takarda yadda malamin makaranta da tela za su iya tsayawa.

Wannan na ƙarshe sai an gyara tsarin mulki, ba a hannunmu yake ba. Amma akwai wanda yake hannunmu. Ina kira ga wannan ƙungiya tamu ta Hausa ta zauna ta fassara Jadawali na Huɗu zuwa Hausa mai sauƙi, bai fi shafi biyu ba, mu buga, kowa ya tafi da shi gida a hutun nan, ya karanta wa mutanen zaurensu da na masallacinsu. Ina kuma roƙon ƙungiyoyinmu na ɗalibai, bana kafin a kai wa kowa allon yabo, a fara kai masa takardar tambaya, nawa ya shigo, me aka yi da shi. In ya amsa da hujja, wallahi ni zan fara yi masa tafi, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ni dai na yi wa Baba alkawari, ran da yaron tikiti ya sake zuwa ina wurin, za mu biya kamar kullum, amma zan tambaye shi lambar takardar da sunan wanda yake kai wa kuɗin. Na san zai yi mini dariya. In mutum ɗari suka tambaya a rana ɗaya, dariyar za ta ragu.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin tsoronsa, ya ba mu ƙarfin halin tambayarsu.